Lemun Tsamin Kan Katanga

Lauya ya turo mini takarda,
ya ɗora yatsa kan layin da babu komai:
"Nan za ki sa sunan wasiyyi, Doña Eulalia,
wanda zai raba abin da kika bari."
Ta taga ina hango tashar jiragen Valparaíso,
ana ta sauke kaya kamar ba wanda zai mutu.

Abin da zan bari bai taka kara ya karya ba:
gidan katako da ya jingina da tudu,
ya tsallake girgizar ƙasa uku, bango ɗaya ya tsage;
keken ɗinki; zoben Evaristo, Allah ya jiƙansa;
bashin mai kifi da ban gama biya ba;
sai bishiyar lemun tsami a tsakar gida.

Baltasar ne babba.
Shekara goma sha tara yana Sweden,
muryarsa na zuwa duk Lahadi da sanyin can a jikinta.
Zai sayar da gidan ta waya
kafin furen kabarina ya yi yaushi,
ba don mugunta ba.
Shi dai ya manta wace matakala ce ke kuka in an taka.

Ximena kuwa, zuciya kamar man shanu a rana.
Duk wanda ya zubar mata da hawaye
ta ba shi rabonta, ta haɗa da na 'yan'uwanta,
ta koma ɗakin haya tana cewa ba komai.

Anselmo, autana.
Dawakin sukuwar Viña sun cinye albashinsa,
sun cinye agogon ubansa.
In na miƙa masa makullin akwati
na ba kura ajiyar nama.
Ina sonsa, amma ni na haife shi.

Kuma in na ɗaga ɗaya cikin ukun
na kunna wutar da ba na nan balle in kashe.

Na riƙe alƙalami har tawada ta bushe a bakinsa,
sai Don Casimiro ya faɗo mini a rai,
maƙwabcina, shekara talatin ba ma ga-maciji.
Ya kai ni ƙara a kan magudanar ruwa,
na kai shi ƙara a kan karensa.
Ranar jana'izar Evaristo ya tsaya bakin coci,
ya cire hula, bai ce mini uffan ba.

Amma reshen bishiyata ya leƙa gidansa,
kuma duk lemun da ya faɗa ɓangarensa
da safe sai in tarar da shi kan katanga,
a jere, a goge,
da guntuwar takarda mai ɗauke da adadi:
Bakwai.
Goma sha ɗaya.
Uku, ɗaya ya ruɓe.
Har ruɓaɓɓen yake dawo mini da shi.

Mutumin da ba ya ƙaunata
ba zai fifita ko ɗaya cikin 'ya'yana ba.
Ba zai yi kuka ya ɓata lissafi ba.
Zai ƙirga cokula, ya biya mai kifi har kwabon ƙarshe,
ya bi Anselmo da rasit a hannu.

Da yamma na ƙwanƙwasa ƙofarsa.
Ya saurare ni a tsaye, bai ba ni kujera ba.
Ya ce, "Na girme ki da shekara biyu."
Na ce, "To sai ka daure, kada ka riga ni."
Ya ce, "A sare reshen nan tukuna."
Na ce, "Ko bayan raina ba a sare shi."
Ya rufe ƙofa.

Washegari lemo huɗu kan katanga,
raɓar teku na kwance a jikinsu.
Takardar ta ce:
Huɗu.
Kawo abin in sa hannu,
ki zo da alƙalaminki, nawa na tsiyaya.